Hutun Rabin Lokaci

Ran Lahadi, bayan kasuwar Gujungu ta watse,
na ja igiyar janareta sau bakwai kafin ya yarda.
Da alli na rubuta a ƙofa: yau mata za su buga,
namu da na wata ƙasa can ƙetaren teku.
Samari suka karanta, suka ja tsaki,
wai wa zai ba da ɗari biyu don ya ga mace na gudu.
Benci goma sha biyu, mutum tara,
na taran kuwa Gambo ne.

Gambo, sunan da bai tambayi mace ko namiji ba,
duk wanda ya biyo tagwaye nasa ne.
Mu a tasha "kai" muke ce masa,
ƙawayen bakin murhu su ce "ke 'yar nan",
ya amsa duka biyun ba tare da ya waiwayo ba,
zani a ƙugu, tsinken juya waina a hannu.

Shekara uku ke nan da wani ɗan kamasho
ya hango shi a layin tagar baya ta asibiti.
Kafin la'asar labari ya riga mota zuwa gari.
Direbobi suka koma rumfar gaba,
sai ka ce ƙanjamau na iyo ne a miyar taushe.
Ni ma na daina saye. Ba zan ɓoye ba.

Aka take wasa.
Golarmu ta yi tsalle ta kwanta a iska,
ta ture ƙwallon da har mun sallama.
Gambo ya miƙe ya rangaɗa guɗa, ya tafa hannu:
"Ahayye! Wannan uwarta ta haifa!"
Har mai facin taya da ya shigo don inuwa
sai da ya manta ya yi dariya.

A hutun rabin lokaci wayarsa ta yi ƙara, takwas daidai.
Ya kwance bakin zani, ya ciro ƙwaya ɗaya,
bai juya mana baya ba,
ya kora da ruwan leda.
Ya ce, "Malam Hudu, ka ga golar can?
Tawa ke nan. Ba ta cin kowa,
hana ci take yi, kullum, ba ranar hutu.
Kuma ko sisi ba na biya."

Shiru ya ɗan zauna tare da mu.
Ya ce, "Bara muka binne Sahura.
Muka ce shawara ce, muka ce sammu ne,
ta sha jiƙo ya fi randa uku.
Hararar mai ba da kati ta fi kabari ba ta tsoro.
Mutum huɗu muka ɗauki makara,
babu na biyar da zai karɓe mu a hanya."

Yaron da ke masa wanke-wanke, Ɗanjuma,
mai kwalli a ido da karyayyar murya,
yana raɓe jikin zana, ya yi kamar allo yake kallo.
Can ya ce, a hankali, "Gwajin, da zafi?"
"Tsinke ne a yatsa.
Bai kai ɗigon man tanda ba.
Talata zan je karɓo nawa, akwai wuri a babur."

Saura minti goma a tashi mai ya ƙare.
Allon ya mutu, babu ci ko ɗaya,
aka fita ana zagina da janareta.
Har yau ban tambayi wa ya yi nasara ba.

Na bi shi rumfa a duhu, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya.
Na ce a zuba min ta ɗari uku, a sa yaji.
Ya dube ni, ya daɗe,
sannan ya ƙara min biyu gyara.
Na zauna a bencin da ke fuskantar titi
inda fitilar kowace mota za ta same ni,
na ci da hannuna.